Ba Rama Ba Ce

Tun da na dawo daga Amurka ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Har waɗanda rabona da su tun sunan autana sun tuna hanya. Kowace ta zauna sai ta ce, "Uwani, yaya garin Turawa?" ta kafe ni da ido, don ba garin take tambaya ba. Na san abin da kuka ji. Bakina ya gaji, ga shi nan a rubuce. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, kuma ban yarda a tsallake ko layi ɗaya ba.

Ni dai kun san ni. Daga Gwammaja zuwa kasuwar Rimi ma sai na kwana biyu ina shiri. Duniyata tsakar gidana ce, da yakuwa da barkono da na'a-na'a a tukwane, da lalo a tsohon baho. Ba son yawo ne ya fitar da ni ba. Yayata Dije, wadda muke ciki ɗaya, ita ce ciwon daji ya kama. Ta kusa shekara talatin a can tana aikin kula da tsofaffi. Ɗanta Kabiru ya bugo ya ce, "Inna, Umma ba ta cin abinci, kuma ba ta jin maganar kowa. Ko za ki zo?" Na ce ko a ƙafa ne.

A Abuja, wurin neman biza, Baturiyar da ke bayan gilashi ta tambaye ni ta bakin tafinta me zai dawo da ni gida. An riga an koya min amsoshi masu tsawo, duk suka gudu daga kaina. Na ce, "Kajina da shukokina, wa zan bar wa?" Ta yi dariya ta karɓi fasfo.

Jirgi biyu muka hau. A na biyun aka kawo min wani ɗan abu fari a takarda, na ɗauka cuku ne na jefa a baki gaba ɗaya, ashe man shafa wa burodi ne. Mutumin da ke gefena, wani dattijo Bayarabe, ya miƙo min nasa ya ce ko zan ƙara. Na karɓa na sa a jaka don kada ya ga na ji kunya.

Da muka sauka aka sako wani ɗan kare mai dogon kunne, yana sanye da riga kamar ma'aikaci. Ya wuce jakar kowa, ya zo ya zauna a gaban tawa. Aka zazzage ni. Kilishi dai suka ce ba ya shiga, na sallama. Sai jami'in ya ɗago ledar kuka, ya dubi koren garin, ya dube ni, ya kira ɗan'uwansa. Na yi ta cewa miya ce, ina nuna baki, ina juya hannu kamar mai burgawa. Allah ya kawo wata mata 'yar Damagaram da ke tura keken marasa ƙarfi, ta ji Hausata ta tsaya ta yi musu bayani. Ta ce min, "Hajiya, kin auna arziki, wancan satin daddawa suka kama, da sandar ƙarfe suka ɗauke ta." Kukata dai ta shiga Amurka da mutuncinta.

Kabiru ya ɗauko ni zuwa unguwarsu, Bronx, kan wani dogon titi da suke kira Grand Concourse. Gidaje ne jere kamar an tsaga dutse an huda tagogi. Ina fitowa daga mota wani wari ya doki hancina, irin wanda ke tasowa daga bayan makabarta in 'yan iska sun taru. Na ja mayafi na ce, "Kabiru, mu yi sauri, akwai 'yan daba." Ya ce, "Inna, wancan tsohon mai jarida ne yake sha. Nan doka ta yarda wa manya." Na tofar da yawu na ce Allah ya shirya.

Gidan Yaya a hawa na biyar yake, ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida, ba inda za ki shanya ko ɗankwali. A jikin bango akwai wani ƙarfe mai ɗumama ɗaki, yana tsaki yana ƙwanƙwasa kamar mai aljanu. Waje sanyi na yanka kunne, ciki gumi.

Da na ga Yaya da kyar na gane ta. Matar da take ɗaukar buhun gero ita kaɗai, ta koma kamar sillen kara, gashi duk ya zube. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma ƙiba kika zo nuna min?" Na ce, "Na zo in raba miki." Muka yi dariya, muka yi kuka.

Duk bayan mako uku ake kai ta asibiti a ƙara mata wani ruwan magani. In ta dawo sai amai, ko ƙamshin albasa ba ta son ji. Kabiru yana aiki a wani ofishi, abin da ya iya shi ne ya danna waya a kawo abinci a kwali. Wani faifan burodi mai cuku da tumatir ya fi kawowa. Na ci, ba laifi, amma ba abin da za a ba mai jinya ba ne. Mai taimaka mata da gaske maƙwabciyarta ce, Memuna, 'yar Kumasi, doguwa mai murya kamar ta mai shela. Hausarsu ta zango ba ta san mace da namiji ba. Ranar farko ta ce min, "Yayanka ya yi ta cigiyarka," har na waiga ina neman wane ne.

A kwana na uku na lura da wani abu. Duk sallah, in Yaya ta gama alwala, sai ta lallaɓa da butarta zuwa wani lungun ajiye kaya da ke jikin bangon ɗakinta, ta buɗe, ta rufe, ta fito da buta ba ruwa. Bayan azahar na bi ta. Fitila ce a ciki mai haske ja-ja shuɗi-shuɗi, a ƙarƙashinta bokitin roba, a cikin bokitin wata 'yar shuka da ba ta fi tsawon tafin hannu biyu ba, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka yi wa faɗa. Ganye mai yatsu, bakinsa kamar zarto.

Kallo ɗaya na yi mata. Na ce, "Yaya, wiwi?"

Ta ce, "Rufe ƙofar."

Na ce, "Wiwi, Yaya? Abin da ya mayar da ɗan Malam Habu yana tsince-tsince a bola?"

Ta zauna a bakin gado ta bar ni na gama. Sannan ta ciro wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin matashi. Likitanta ne ya rubuta mata, wani mai ne da ake yi da ita, tana ɗigawa a ƙarƙashin harshe, shi ke kwantar mata da aman har ta iya haɗiye kunu. Ita kuwa shukar, wata mata 'yar Jamaika da suke zama kujera kusa da kujera a asibiti ce ta ba ta tsiron a kofin shayi, ta ce ta raina, wata rana ba sai ta saya ba. Zuwa na gaba kujerar matar ba kowa.

"Amana ce, Uwani," in ji ta. "Ga shi tana mutuwa a hannuna. Duk abin da na taɓa yanzu mutuwa yake."

Na ce, "To me ya sa kike ɓoye ta kamar cikin shege, tunda doka ta yarda?"

Ashe Yaya ce mai wankan gawar mata a cikin Hausawan wannan yanki. Duk wadda ta rasu, 'yar Kano ce ko 'yar Yamai ko 'yar Accra, ita ake kira, ita ke haɗa likkafani, ita ke koya wa sauran. Ta ce, "Na wanke mata ba adadi. Yanzu layi ya kusa zuwa kaina. In suka ji wannan, ba zagin nake tsoro ba. Tsorona ranar ta zo kowace ta ce tana da uzuri, a bar ni hannun baƙi waɗanda ba su san ta inda ake farawa ba."

Kwana biyu ban kalli ƙofar nan ba. Amma ni ko ƙaya ce na gani tana mutuwa a tukunya, hannuna ƙaiƙayi yake. Ranar Alhamis da hantsi na buɗe na durƙusa.

Shuka mai ƙishi ganyenta laushi yake kamar tsumma. Wannan ganyen a cike yake, ya lanƙwashe ƙasa kamar faratan shaho, na ƙasan sun yi rawaya. Na tura yatsa cikin ƙasar, ya fito da taɓo mai warin kwata, wasu ƙananan ƙudaje suka tashi. Na ɗaga bokitin, nauyi kamar an cika shi da dutse. Na leƙa gindinsa, ko huda ɗaya babu.

Na ce, "Yaya, sau nawa kike ba ta ruwa?"

"Duk alwala. Kamar yadda Inna, mahaifiyarmu, take yi wa lallenta."

Na ce, "Lallen Inna a rana yake, a ƙasar Kano, kafin ki sallame ruwan ya tafi. Wannan kin sa ta a kurkuku kina yi mata ɗure sau biyar. Ba ƙishi ke kashe ta ba, ƙauna ce ta yi mata yawa."

Ta ce, "Ji 'yar nan, yaushe aka haife ki?"

Na nemo ƙusa a akwatin Kabiru, na riƙe da filaya, na gasa a kan gas, na shiga huda gindin bokitin. Huda ta uku wani abu a jikin silin ya fasa ihu, ƙara kamar za ta tsaga kunne. Na yar da ƙusa na fita barandar bene ba mayafi ina kiran sunan Allah. Sai ga Memuna da tsintsiya, ta ture ni ta shiga, ta zunguri abin ya yi shiru. Wai hayaƙi yake ji ya yi kururuwa. Ta juyo ta ga bokiti a kan teburin girki, baƙin ruwa yana tsiyaya. Ta dubi shukar, ta dubi Yaya, ta ce, "Ei! Shi ya sa kake rufe ɗaki? Ni na ɗauka kuɗi ne." Ta ɗauki tsumma ta fara goge ruwan. Iyakar abin da ta ce a kan shukar ke nan, har na baro ƙasar.

Ƙasar bokitin ta riga ta ruɓe, sai an sake. Na ce wa Memuna ta nuna min inda zan ɗebi yashi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wai in aka gan ni ina haƙa a filin gwamnati sai na yi bayani. Ta sa ni a jirgin ƙasa mai bi ta cikin rami. Ƙarfen ƙofar shiga ya kama min zani, wani ƙato ya riƙe min jaka har na kuɓuta, na yi masa godiya da addu'a, ko kallona bai yi ba. Mutanen can haka suke, za su taimake ki amma ba za su gaishe ki ba. Muka je wani kanti, na ga ƙasa a leda, an yi mata hoto, ana sayarwa. Ƙasa fa! Har da wasu fararen ƙwayoyi kamar gugguru a ciki, wai don ta sha iska. A hanyar dawowa Memuna ta kai ni shagon mutanensu na ci shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi, da wani baƙin yaji da ya sa na manta da sanyi.

Na juye shukar a hankali. Saiwoyin da suka yi baƙi na tsittsinke, fararen na bar su. Na sa ta a sabuwar ƙasa, na tokare ta da tsinken cin abincin 'yan Sin, na ɗaure da zaren kitso. Fitilar ta yi mata kusa har saman ganyen ya fara ƙonewa, na ɗaga ta sama. Na bar ƙofar a buɗe kaɗan, na juya mata ƙaramar fanka daga nesa. Sannan na kafa doka: ba ruwa sai yatsa ya shiga ya fito a bushe.

Nan aka yi yaƙi. Yaya ta ce zalunci ne. Kwana na uku na kama ta da kofi a bayan zani. Na ce, "Ragowar alwala ki zubar a baho, ladanki ba ya raguwa." Ta ce ni azzaluma ce tun ina yarinya. Kwana na shida da safe ta ƙwala min kira. Ganyen saman sun miƙe, sun buɗe yatsu suna kallon fitila, ga wani sabon toho a tsakiya, kore shar.

Kada wata ta je ta ce na ce shuka ta warkar da ita. Ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba, shukar jaririya ce. Amma ranar ta ce in dama mata kunun tsamiya, washegari ta ce tuwo. Na tuƙa na garin semo, na kaɗa kukar nan da ta sha tambayoyi a filin jirgi. Ta ci rabin malmala tana kushe gishirin.

Sati uku bayan nan, ranar Lahadi, matan ƙungiyarsu ta Hausawan yankin suka zo dubiya, su shida. Shugabarsu Hajiya Turai ce, matar wani babban likita, mai tabarau da zoben zinare, ba ta da mugun hali amma tana son a san ita ce. La'asar ta yi, ta shiga ɗakin Yaya neman sallaya. Ni na manta ƙofar lungun a buɗe. Ta fito da bokitin a hannu ta ajiye a tsakiyar falo.

Kabiru da ke raba lemo ya yi wuf ya ce, "Rama ce, Anti. Inna ce take son rama."

Hajiya Turai ta murza ganye ɗaya ta kai hanci. Ita ma 'yar manoma ce kafin ta zama matar likita. Ta dubi Yaya. Yaya ta dubi kafet. Sai Hajiya ta yi wani murmushi ta juyo gare ni.

"Ba komai," ta ce. "Baƙuwa ce. Wani ne ya ba ta, ta ɗauka rama ce. Mutanen gida ai ba su san waɗannan abubuwan ba, baiwar Allah. Kabiru, ɗauki ka kai shara, magana ta wuce."

Sauran suka sauke numfashi, har da masu cewa "Allah sarki." An samo mafita. Ni ce 'yar ƙauyen da ba ta san hagu da dama ba, kowa ya tsira da mutuncinsa, shukar ta tafi bola. Kabiru ya sunkuya zai ɗauka. Na ga idon Yaya ya bi bokitin.

Na taka gefensa da ƙafa. Na ce, "Ajiye."

Na ce, "Hajiya, ni na ci rama tun ban yi haƙori ba. Rama jikinta da ƙaiƙayi, ganyenta da tsami, furenta kamar na kuɓewa. Ko a duhu aka miƙo min na san ta. Wannan ba rama ba ce, wiwi ce. Na san ta tun ranar da na gan ta. Ni na huda bokitin, ni na sake mata ƙasa, ni nake ba ta ruwa. Ba inda za ta."

Wata ta ce, "Subhanallahi. Sha kike yi?"

Na ce, "Ko goro ba na ci."

"To ta wace ce?"

Na ce, "Wadda ta raine ta ga ta a gabanki. In da tambaya, ni za a yi wa."

Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi abin da ba nawa ba ne in faɗa. Suka sha lemonsu a tsaitsaye. Hajiya Turai ta rungume Yaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da haƙuri, Dije, kowa da irin jarabawarsa a dangi." Ni ko sallama ba ta yi min ba.

Da suka tafi Yaya ta ce, "Uwani, na kasa buɗe baki." Na ce, "Wa ya ce ki buɗe? Ni tafiya zan yi, ke ce mai zama da su." Kabiru ya kwana biyu yana kumbure-kumbure, wai da na bi maganar rama da an huta. Na ce masa, "Ɗana, in za a zage ni a zage ni da abin da na yi. Wauta ce ban yarda a liƙa min ba."

Watana uku ya cika na dawo. Ashe labari ya riga ni sauka, ta waya, daga bakin wata zuwa ƙanwar kishiyar wata, har ya zama wai gona nake da ita a Amurka. A Islamiyya na shimfiɗa tabarma, gefena biyu ba wadda ta zauna. Maƙwabciyata ta daina aikowa a tsinkar mata na'a-na'a. Wata da ta zo yi min sannu da zuwa na gan ta tana leƙa tukwanena ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Duba da kyau, na bayan randa ma yakuwa ce." A bayan idona kuma na ji sunan da aka raɗa min: Uwani Mai Ganye. Duk na haɗiye, don bakina a ɗaure yake.

Juma'ar da ta wuce saƙon murya ya shigo daga Yaya. Muryar ta ƙara siririya, amma tsiwar tana nan. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Uwani, na ji abin da ake yi miki. Jiya na tara su, har Turai. Na sa Memuna ta fito da bokitin, da kwalbar, da takardar likita. Na ce tawa ce, ƙanwata rufa min asiri ta yi. Na ce wadda za ta wanke ni ta wanke ni don Allah, wadda ba za ta iya ba na yafe mata tun yanzu. Biyu sun tashi sun fita. Huɗu sun zauna. Turai kuwa ta tambayi inda nake ajiye likkafanin. Huɗu sun isa, ai ba giwa ba ce ni. Ke kuma ki buɗe baki ki gaya wa mutanen Kano, kada in mutu da hakkinki."

To na gaya muku. Wadda take da hukunci ta kai wa malamai, ni ba malama ba ce, tsakanin Yaya da likitanta da Ubangijinta ne. Ku dai sa ta a addu'a, tana bukata. Sunan da kuka sa min kuwa kada wadda ta zo ba ni haƙuri a kansa. Ku bar min abina, da gumina na same shi.